Dare da Idon Kamara: Waiwaye daga Ƙasar Yekuwa

Gabatarwa

Wata rana na roƙi kakata ta buɗe mini tsohuwar kwallar da take ajiyar hotunan gidanmu. Na shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, ga na suna, ga na sallah, ga na dawowar alhazai, ga ƙananan nan da aka ɗauka domin katin ɗan ƙasa. Ban daɗe ina kallo ba na lura da abin da ya haɗa su baki ɗaya: kowanne da rana aka ɗauke shi. Mutanen ciki sun ɗan runtse ido saboda haske, inuwarsu kuma tana kwance kusa da ƙafafunsu. Har hoton aurenta ma a tsakar gida aka yi shi da hantsi, alhali kuwa kowa ya san da dare ake kai amarya. Da na tambaye ta dalili sai ta ce: "Ai mai hoto da hantsi yake zuwa, ɗana. Rana na karkatawa zai naɗe kayansa, ya ce na'urarsa ba ta gani."

Wannan amsa ita ce mafarin wannan maƙala. Manufarta ita ce ta bi diddigin dalilin da ya sa na'urar hoto ta daɗe ba ta ganin dare, da yadda aka yi ta ƙara mata ƙarfin jin haske har aka kai ga lambar nan ta ISO da ke cikin kamarori da wayoyin yau, sannan ta duba abin da wannan tarihi ya jawo wa adana al'adunmu, musamman a karkara irin ta Yekuwa.

Yekuwa da darenta

Yekuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, cikin jihar Damagaram, dab da iyakar Nijar da Nijeriya. A gabas akwai Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka ba ta tata gunduma a 2011, a tsallaken iyaka kuma akwai ƙasar Daura da Zango da Baure. Masu tarihin Daura sun ruwaito cewa bayan da Malam Isiyaku ya karɓe birnin a zamanin jihadi, wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ya zo ya zauna a Yekuwa. Mafi yawan irin wannan labari da baki ya iso gare mu, kuma bakin dattawa ya fi buɗewa bayan sallar lisha, lokacin da aka gama aiki aka zauna hira.

A ƙasar noma da zafin rana, yini na gona ne da kasuwa da rijiya. Abubuwa da dama da muke kira al'ada kuwa sai rana ta faɗi suke fitowa. Da dare ake tatsuniya, har ana tsoratar da yara cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata. Da farin wata ƴanmata ke fita dandali su yi gaɗa. Da dare ake tashe daga goma ga watan azumi. Da dare da kuma asuba almajirai ke kewaye wutar kara da allunansu. Bayan kaka, kokawar ƙauye da kalankuwa sukan kai tsakar dare, haka nan rakiyar amarya da zaman makaɗa a ƙofar gida. Bahaushe ya ce dare mahutar bawa, amma a gaskiya dare shi ne makarantar farko ta yaron karkara, a nan yake koyon harshe da karin magana da tarihin gidansu. Wanda duk ya nemi sanin rayuwar Yekuwa ta hanyar tsofaffin hotuna kawai, rabinta zai gani.

Yadda aka fara kama haske

Asalin hoto yana kan wata ɗabi'a ta wasu sinadarai, musamman gishirin azurfa, waɗanda ke sauyawa idan haske ya taɓa su. Matsalar tun farko ita ce yawan hasken da suke bukata. Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya shi ne wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka daga tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ko 1827, kuma sai da farantin ya sha rana na aƙalla awa takwas. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, wadda ta rage lokacin zuwa mintoci. Duk da haka, a wani sanannen hoton titi da Daguerre ya ɗauka a 1838, kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace, titin ya fito fayau kamar an yi shara, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Duk abin da ke motsi bai daɗe wuri ɗaya ba balle farantin ya riƙe shi.

A 1851 Frederick Scott Archer na Ingila ya fito da farantin gilashi mai jiƙaƙƙen magani, wanda ke ɗaukar hoto cikin ƴan sakanni a rana, sai dai dole a shafa maganin a ɗauka a kuma wanke kafin ya bushe, don haka mai hoto yana yawo da ɗakin duhunsa. A 1871 Richard Maddox ya gabatar da busasshen faranti, aka yi ta inganta shi har ya zama ana iya ɗauka cikin ƙasa da sakan guda, a kuma ajiye shi watanni kafin a wanke. A 1888 George Eastman ya fitar da kamarar Kodak mai naɗaɗɗen fim a Amurka. Duk wannan ci gaba na rana ne. Da magariba ta yi, na'urar ta koma makauniya, sai fa in an ƙona garin magniziyam, wanda Adolf Miethe da Johannes Gaedicke suka haɗa a Jamus a 1887, mai walƙiya da hayaƙi da haɗarin gobara.

Kamara ta iso Damagaram

Matafiyan Turai na farko da suka ratsa ƙasar nan ba su zo da kamara ba. Heinrich Barth, wanda ya sauka a Damagaram a ƙarshen 1852, da alƙalami ya zana abin da ya gani, daga baya masu zane a Jamus suka gyara zanen domin littafinsa. Kamara ta zo ne tare da bindigar mamaya. A Yulin 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, a Nuwamban wannan shekara kuma ayarin Foureau da Lamy ya iso birnin bayan ya ƙetare Sahara daga Aljeriya. Littafin tafiyar da Foureau ya wallafa a 1902 cike yake da hotuna. Daga 1906 ayarin Kyaftin Jean Tilho, tare da takwaransa na Ingila Manjo O'Shee, ya bi iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi yana kafa alamu, kuma layin da suka tabbatar shi ne ya bar Yekuwa da Magarya a hannun Faransa, Daura da Zango da Baure a hannun Ingila.

Akwai abin lura a nan. Masu shata iyakar da dare suke auna matsayin wurare, suna duban taurari da na'urorinsu, amma hotunansu na rana ne: ganuwa, kasuwa, sarki da fadawa a tsaye, ayarin raƙuma, masu ɗaukar kaya. Dalili biyu suka haɗu. Farantinsu ba ya jin hasken fitilar aci-bal-bal ko na wutar kara, su kansu kuma baƙi ne masu mulki, da rana suke kiran mutane su jeru, da dare suna can barikinsu. Haka aka ci gaba a zamanin da Damagaram ta zama hedikwatar ƙasar, daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai. Taskar hotunan mulkin mallaka da masu bincike ke dogaro da ita a yau ta gaji wannan giɓi, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba.

Akwatin katako da zamanin katin shaida

Talakan karkara ya fara tsayawa gaban kamara ne galibi saboda takarda: katin shaida, takardar makaranta, fasfon aikin hajji, shiga soja. Masu wannan sana'a a garuruwan Afirka ta Yamma da yawansu baƙi ne daga kudu, Yarbawa da mutanen Gana da Togo da Dahome, kafin ƴan gida su koya. Kayan aikinsu akwatin katako ne mai ƙafa uku, da hannun riga na baƙin ƙyalle inda mai hoto ke zura hannu ya wanke hoton a cikin akwatin. Maimakon fim, takardar hoto ake sakawa. Ta fara fitowa a juye, fari ya zama baƙi, sai a sake ɗaukar wannan juyayyen domin a sami na gaskiya, mutum ya jira ƴan mintoci ya karɓi abinsa. Takardar hoto kuwa jin haskenta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa mai hoto ke cire murfin gilashin da hannu, ya ƙirga a ransa, ya mayar, yana gargaɗin mutum kada ya motsa kada ya ƙifta.

Daga nan ne tsayuwar nan ta tsofaffin hotuna ta samo asali, ƙirji a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, fuska ba fara'a. Matasa kan ɗauka kakanninsu mutane ne masu ɗaure fuska, alhali na'ura ce ta tilasta musu. Ko babban mai hoton nan na Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana ya yi mafi yawan aikinsa a tsakar gidansa. In haka abin yake a babban birni, to ina ga kasuwar ƙauye a ƙasar Magarya?

Lambar da ke jikin kwalin fim

Yayin da fina-finai suka yawaita, sai aka bukaci ma'auni guda da zai gaya wa mai hoto saurin jin hasken kowanne. Ferdinand Hurter da Vero Driffield suka aza harsashin wannan awo a Ingila a 1890. Jamus ta kafa nata ma'auni mai suna DIN a 1934, Amurka ta kafa ASA a 1943, sannan a 1974 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta haɗe su ƙarƙashin sunan ISO. Tsofaffin masu hoto za su tuna rubutun da ke jikin kwali, 100 ko 200 ko 400. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk lokacin da lambar ta ninka, hasken da ake bukata ya ragu da rabi. Fim mai 400 yana wadatuwa da rubu'in hasken da mai 100 yake nema. Fim ɗin launi na Kodachrome da ya fito a 1935 lambarsa wajen 10 ce kawai, shi kuwa Tri-X, baƙi da fari, wanda ya shiga ƙananan kamarori a 1954, ya fara da 200, aka mayar da shi 400 a 1960 bayan an sake tsarin awon.

Amma kowace riba da kuɗinta. Abin da ke sa fim saurin jin haske shi ne girman ƙwayoyin azurfar da ke jikinsa, manyan ƙwayoyi kuwa suna sa hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi. Bugu da ƙari, fim mai babbar lamba ya fi tsada, ya kuma fi saurin lalacewa a zafi, abin da ba ƙaramar matsala ba ce a ƙasar da bazara ke wuce digiri 40 kuma firiji sai gidan wane da wane. Saboda haka mai hoton karkara ya tsaya kan fim mai ƙaramar lamba.

Domin mai karatu ya ga girman tazarar, ga ɗan lissafi. Da tsakar rana, fim mai 100 yana ɗaukar hoto cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan, ko da an tsuke ƙofar hasken zuwa 16. Hasken wata ɗan daren goma sha huɗu kuwa ya gaza na rana sau wajen 400,000. Ke nan da wannan fim da wannan ƙofa, sai an bar kamara a buɗe fiye da awa guda kafin dandali ya fito, kuma a cikin wannan awa ƴanmatan gaɗa za su ɓace kamar yadda masu wucewa suka ɓace a titin Daguerre.

Filasha da abin da ta ɓoye

Hanyar da aka fara bi wajen cin dare ita ce a kai masa rana ta wucin gadi. Ƙwan filasha ya fito wajen 1930, daga baya mai batir ya maye gurbinsa. Da shi ne Malick Sidibé ya bi gidajen rawa na Bamako a shekarun 1960, aikin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin Banis a 2007. A Yamai kuma Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya adana mana daren babban birnin Nijar na farkon ƴancin kai, da mashayu da wuraren kiɗansa. Waɗannan hotuna dukiya ce, sai dai daren birni suka nuna, na matasa ƴan boko da ma'aikata.

Da fim ɗin launi ya yaɗu a shekarun 1980, ƙananan kamarori masu filasha suka shiga bukukuwan karkara, ana aika fim birni a wanke. A lokacin ne dare ya fara bayyana a kundin hotunan gidaje, amma a wace kama? Filasha tana haska abin da ke kusa da ita, taku uku ko huɗu, bayan nan sai baƙi ƙirin. Tana kashe jan hasken wuta da taushin farin wata, ta bar mutane a firgice da idanu a zare. Daɗin daɗawa, an daɗe ana daidaita launin fim da injinan wanki a kan farar fata. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ke aika wa masu wanki katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, sai a shekarun 1990 aka yaɗa mai mata masu launin fata daban-daban. Sakamakon haka sananne ne ga duk mai tsohon hoton biki: farar babbar riga tana ƙyalli, fuskar mai ita kuwa ta nutse, sai haƙora da fararen idanu.

Zamanin lantarki

A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wani ɗan faranti da ke mayar da haske lantarki, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2009. A 1975 Steven Sasson, injiniya a Kodak, ya haɗa kamara ta farko marar fim, wadda ke ɗaukar sakan 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. A shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a hukumar sararin samaniya ta Amurka suka inganta wani nau'in faranti mai arha da ƙarancin cin batir, irin wanda ke cikin wayoyin hannu. An riƙe sunan ISO domin masu hoto sun saba da shi, aka fitar masa da sabuwar ƙa'ida a 1998. Bambancin shi ne, a da sai an canja fim kafin a canja lamba, yanzu kuwa da ɗan yatsa ake juya ta. Lambobin suka yi ta hawa: Nikon D3 ta 2007 ta kai 25,600, Sony A7S ta 2014 ta kai 409,600.

Ya kamata malamai su fahimci abu guda da ake yawan kuskurewa. Ɗaga ISO ba ya ƙara hasken da ya shiga kamara. Misalinsa kamar mai sauraron rediyo ne a gajeren zango, tashar tana nesa, ya murɗa ƙara: murya ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru tare da ita. Farantin kamara yana da miliyoyin ƙananan gurabu, kamar kwanukan da aka jera a fili. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya duk za su cika daidai, in kuwa yayyafi ne, wani ya sami ɗigo uku wani ɗigo ɗaya. Wannan rashin daidaito shi ne tsaki-tsakin hoton dare, babbar lamba kuma bayyana shi kawai take yi. Maganinsa na asali shi ne a tara haske da yawa, ta hanyar buɗe ƙofar gilashi ko tsawaita lokacin ɗauka.

Mu koma lissafinmu na farin wata. In aka ɗaga lamba daga 100 zuwa 3200 an ribanya sau 32, in aka buɗe ƙofa daga 16 zuwa 2.8 an sake ribanyawa sau 32. Awa guda da ƴan mintoci ta dawo sakan huɗu. Abin da ya gagari Foureau da Tilho da mai akwatin katako, yau malamin firamare zai iya yinsa.

Wayar salula ta shigo Nijar, bayan wasu shekaru masu kamara suka isa ƙauyuka. Farantin waya ƙarami ne, don haka kamfanoni suka koma ga dabara: wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin ƴan sakanni, ta haɗe su ta share tsakin. Google ya fitar da irin wannan tsari a 2018, Apple a 2019, sauran suka bi sahu, masu wayoyin Tecno kuma sun yi suna wajen daidaita kamararsu da baƙar fata. Sai dai a nan ma akwai tarko ga mai tarihi. Wayar takan haska hoto fiye da yadda ido ya gani, ta mayar da tsakar dare kamar la'asar sakaliya, wani lokaci ta shafe zanen fuska da tsagar gado tana zaton tsaki ne. Jikanmu da zai kalli irin wannan hoto ba zai san yadda duhun dandali yake ba.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

A 2012 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta fitar da hoton duniya da dare wanda tauraron ɗan'adam ya harhaɗa. A cikinsa Kano tana walƙiya, karkarar da ke arewa da ita kuwa duhu ne in ban da ɗigo nan da can. Wannan duhu alamar rashi ce, domin ɗalibi na bukatar fitila, asibiti na bukatar wuta, kuma ba mai hankalin da zai yi fatan ya ɗore. Amma yayin da fitilun hasken rana da tocila da allon waya ke shiga ƙauyuka, tsohon dare yana janyewa tare da abin da ke cikinsa. Yaran da a da ke kewaye kaka, yanzu waya guda suke kewayewa. Na'urar da ta iya ganin dare ta iso daidai lokacin da abin gani ke ƙarewa, saboda haka aikin na gaggawa ne.

Ga mai son gwadawa, ga abin da aka jarraba. A kashe filasha. A sami ƙafa uku, in babu a ɗora kamara kan turmi ko katanga ko buhun gero, a sa ta ɗauka da kanta bayan ƴan sakanni domin kada hannu ya girgiza ta. Almajirai a bakin wuta sukan fito da lamba 1600 zuwa 3200, ƙofa a buɗe iyakarta, lokaci kashi ɗaya bisa sittin na sakan, a kuma auna hasken a kan fuska maimakon harshen wutar. Masu rawa da ƴan kokawa suna bukatar lokaci mafi gajarta, don haka sai an ƙara lamba zuwa 6400 ko fiye, kuma gara hoto mai tsaki da wanda ya dagule. Gida ko rumbu ko masallaci a farin wata ba sa motsi, sai a sauko 400 ko 800 a ba su sakanni da yawa, a ɗan rage hasken domin dare ya fito a darensa. Mai son Kaza da Ƴaƴanta ko sauran taurari ya nemi daren da ba wata, kada ya wuce sakan ashirin da gilashi mai faɗin gani, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, taurarin za su zama zare.

Bayan fasaha akwai ladabi. Duhu sutura ne, kuma akwai abin da mutane ke yi da dare domin sun amince ba a ganinsu. Zaman mata a cikin gida da ibadar mai tahajjudi da hirar saurayi da budurwa ba abin ɗauka ba ne sai da izini bayyananne, yara kuma sai da yardar iyaye ko malaminsu. Na'urar da ke gani a duhu tana iya zama ta tonon asiri a hannun marar tarbiyya, kuma hoto in ya shiga waya ya fita daga hannun mai shi. Haka nan, hoton da ba a rubuta masa suna da wuri da kwanan wata ba, bayan shekara talatin maraya ne. Ya dace kowace ƙungiyar al'adu ta tanadi littafi domin wannan, ta adana hotunan na asali a wuri fiye da ɗaya, tun da aikawa ta WhatsApp yakan rage ingancinsu, ta wanke muhimmai a takarda, ta kuma haɗa da naɗar murya, domin hoton mai tatsuniya ba tare da tatsuniyarta ba ƙwarya ce ba fura.

Kammalawa

Mun ga yadda aka taso daga awa takwas a tagar Niépce zuwa sakan huɗu a farin wata, da yadda raunin faranti da halin masu riƙe da kamara suka taru suka bar daren ƙasar Hausa a wajen taskar hotuna fiye da shekara ɗari. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma a tarihin Yekuwa da maƙwabtanta ji ne ya riƙe abin da gani ya kasa. Malamin da ke koyar da tarihi da tsofaffin hotuna ya kyautu ya tambayi ɗalibansa, ƙarfe nawa aka ɗauki wannan, wa ya ɗauka, me kuma ke faruwa a wannan fili bayan rana ta faɗi? Sannan ya tura su wurin kakanninsu su nemo amsar.

Kakata ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Kwallarta tana hannuna, kuma babu hoto ko ɗaya na tabarmar da take zama a kai tana yi mana tatsuniya. A unguwanni da ƙauyukan Yekuwa da Magarya da Dungas akwai sauran tsofaffi irinta da ke raye, akwai kuma kamara a aljihun kusan kowane malami. Allah Ya ba mu ikon yin abin da ya dace kafin lokaci ya ƙure.